Tiyon Motar Alhaji

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan, babu irin motar da ba ta bi ta Jibiya ba. Mutumin da ka gani jiya a kan jaki, yau sai ya wuce ka yana danna maka oda. Ni a lokacin gyaran wayar mota nake yi a tasha, a gefen rumfar wani dattijon bakanike mutumin Maraɗi. Rumfar tasa ce, sarkin tasha ne ya ba shi tun ina yaro. Da na dawo daga koyon aiki a Kano da akwatin kayana da girman kaina, babu wanda ya ba ni ko inuwar da zan tsuguna, sai shi. Ya matsar da bencinsa ya ce in ajiye akwatina a nan, shi ya riƙe inji, ni in riƙe waya. Baba nake ce masa.

Sarkin tasha yana da wani suruki, matashin alhaji ɗan kwangila. Shi ne ya sayo wata tsohuwar motar tsere a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ja ce, kujera biyu kacal, kuma ta yi ƙasa ƙwarai har sai ka yi kamar za ka kwanta kafin ka shiga. Abin da ya tara mata jama'a kuwa shi ne ba ta da fitila. Gabanta sumul yake kamar goshin jariri. Sai Alhaji ya ga an taru, sannan ya ja wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, fitilu biyu su ɗago daga cikin jikin motar. Ranar farko da ya yi haka wata mai fura ta saki ƙwarya ta ruga. Daga nan mutanen tasha suka daina cewa fitila, sai idanu.

Wata ranar Alhamis ya kawo ta Baba ya canza mata baƙin mai da fulogi. Baba ya gama, ya bar bonet a buɗe ya tafi alwala. A daidai nan wani direban babbar mota ya zo yana neman aron tiyo, zai zuƙi mai daga tankinsa zuwa jarka. Wanda bai zauna Jibiya a wannan zamanin ba ba zai gane matsayin tiyo ba. Mai yana da araha a wajenmu, yana da tsada a ƙetare, saboda haka kowane namiji yana da guntun tiyonsa, kuma kowa ya iya sa baki ya zuƙa ya tofar kafin man ya kai maƙogwaro. Nawa an ara tun Talata ba a dawo da shi ba. Na waiga, sai ga wani baƙin tiyo siriri a cikin motar Alhaji, ya taso daga jikin inji ya nufi wani ƙarfe can ƙasa. Na zare bakinsa ɗaya na duba. Babu ruwa, babu mai, babu giris, busasshe ƙayau. Na ce a raina Turawa dai da son ƙawa, tiyon da ba ya ɗauke da komai me yake yi a mota? Na zare shi duka na miƙa wa direba, da niyyar in mayar in ya gama. Kafin ya gama an yi salla, Baba ya rufe bonet, Alhaji ya ja motarsa. Da direban ya dawo da tiyon na jefa shi a akwatina, kuma wallahi na manta da shi.

Sai ranar Laraba muka sake ganin motar, tana shigowa tasha tana kakkarwa. Alhaji ya fito ko sallama babu. Ashe duk kwanakin nan da rana yake yawonsa, bai nemi fitila ba. Ran nan ya nufi Maraɗi, jandarmomin ƙetare suka tare shi suka ce ya nuna fitila. Ya ja maɓalli da fankama kamar yadda ya saba, mota ta yi shiru. Ya ja har sau biyar. Suka ce motar da ba ta da fitila ba ta shiga ƙasarsu, suka juyo da shi a gaban masu jakuna suna dariya.

"Kai tsoho, mi ka yi ma motata?" in ji Alhaji. "Lahiya lau na kawo maka ita. Tun da ka taɓa ta take tari, yanzu kuma ta ƙi buɗa ido!"

Baba ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, baƙin mai da hulogi na canza. Ban taɓa hitila ba, ban ma san ta inda take hitowa ba."

Aka kai magana gaban sarkin tasha. Mutumin kirki ne, amma 'yarsa ce a gidan Alhaji. Ya ce mota ta zauna a rumfa, Lahadi ranar kasuwa Alhaji zai koma Maraɗi, in har zuwa safiyar Lahadi idanun ba su buɗe ba, Baba ya kwashe kayansa, akwai masu neman wurin. Baba ya ce to, ranka shi daɗe. Da muka dawo ya dube ni ya ce, "Ɗana, hitila taka ce. Ka taimake ni."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kafin la'asar an gama. Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan magana ina gyara hula sai in ji kunya.

Na fara da fis, duk lafiyarsu ƙalau. Na ɗauko ɗan ƙwan gwajina, na ɗora waya ɗaya a kan batir, ɗayar na taɓa jikin mota kamar yadda aka koya mini. Ƙwan bai kama ba. Na canza ƙwai, bai kama ba. Na ƙwanƙwasa jikin motar, sai na ji ƙarar akushi. Ashe ba ƙarfe ba ne sam, wani abu ne kamar roba mai tauri. Shekara huɗu na yi a Kano ana cusa mini cewa wuta ta jikin mota take komawa batir, ga shi an kawo mini motar da jikinta ba ya ɗaukar wuta. Tun daga nan kaina ya fara juyawa.

Ranar Alhamis na sa hannu na ɗago fitila ɗaya da ƙarfi, na tokare ta da icce. Abin mamaki, da ta ɗago sai ƙwan fitilar ya kama tar. Na cire iccen, ta koma ta rufe a hankali kamar mai gyangyaɗi. To wuta tana zuwa ke nan. Me ke ɗaga ta? Na kwanta a ƙasa ina neman ɗan injin lantarkin da zai yi wannan aiki, irin na abin share gilashi. Na bi kowace waya da yatsa tun daga batir har inda ta ƙare, ja da baƙa da kore, babu wadda ta je wurin wani inji. Abin da na gani a bayan kowace fitila wani gwangwani ne kamar na madara babba, da sandar ƙarfe ta fito daga cikinsa, babu waya ko ɗaya a jikinsa sai wani ɗan tiyo. Na zauna na zura masa ido har aka kira magariba.

Shi kuma Baba yana can gefe yana fama da tarin injin. Ya kwance kafireta ya wanke ya mayar, ya sake kwancewa. Ya ce yana jin wani shiii kamar maciji a cikin inji, amma ya rasa ta inda yake fitowa. Na ce masa wannan matsalarsa ce daban, tawa daban, kada ya haɗa mini zance. Haka na ce wa mutumin da ya ba ni inuwa.

Ranar Juma'a masu ba da shawara suka cika rumfa. Wani ya ce baki ne ya kama motar, don Alhaji ya cika nuna ta. Wani ya ce Baturen ne ya tafi da asirinta. Wani tsohon direba ya ce a daina wahala, a tokare idanun da icce a ɗaure da waya. Aka kai wa Alhaji wannan shawara, ya aiko cewa shi ba akori-kura ya saya ba, yadda take buɗewa da kanta haka yake son abarsa. Na cire maɓallin da ake ja, ina sa ran ganin wayoyi a bayansa, sai na ga ƙananan tiyo biyu. Maɓallin fitila da tiyo! Na mayar da shi na fita na bar rumfar, na yi ta tafiya har bakin gulbi ina magana ni kaɗai. Na fara tunanin ko a Kano ma ban koyi komai ba.

Da na dawo na tarar Baba yana jera sifanoninsa a cikin buhu, ƙanana daban manya daban. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin tuwo a ranar.

Ranar Asabar da hantsi na sake kwanciya a ƙarƙashin motar, ba don ina da wata dabara ba, sai don kada a ga ina zaune. Na zare ɗan tiyon da ke jikin gwangwanin nan. Da yake ni ɗan Jibiya ne, hannuna bai yi shawara da ni ba ya kai shi bakina, na zuƙa don in ji ko mai ne a ciki ko ruwa. Babu abin da ya zo bakina. Amma sai na ji Baba ya yi salati a sama.

"Ɗana, ta motsa! Mi ka yi? Sake!"

Na sake zuƙa da ƙarfi har kunnuwana suka toshe. Fitilar ta ɗaga kamar kaurin yatsa biyu, na saki ta koma. Ashe iska ce. Inji ne ke zuƙar iska, zuƙar ce ke jan fitilun sama. Na yi dariya a kwance, na fara bin tiyon da murna. Daga gwangwani ya tafi maɓalli, daga maɓalli ya gangaro zuwa wani ƙarfe mai rami a ƙasan mota. A jikin ƙarfen akwai wani ɗan bututu tsirara, ba komai a kansa. Na ce Baba ya tayar da inji. Na bi ƙarar macijin nan da yatsa har na taɓa wani ɗan bututun a jikin inji, ya tsotse yatsana, ƙarar ta ɗauke, tarin injin ya tsaya cak. Na dubi wannan bututu, na dubi wancan. Na san tsawon abin da ke tsakaninsu, don na taɓa riƙe shi a hannuna. Tiyon nan ne da na zare na ara wa direba.

Baba ya tafi kiran Alhaji. Na buɗe akwatina, ga shi nan a nannaɗe a ƙarƙashin filaya. Na maƙala shi da sauri. Kafin su iso tasha ta cika. Alhaji ya shiga ya tayar da mota ya ja maɓalli, idanu biyu suka ɗago a tare. Aka yi ta sowa. Sarkin tasha ya dafa kafaɗata ya tambaye ni me ya lalace. Na buɗe baki, Allah ya sani na yi niyya, amma mutum kusan hamsin suna kallona, sai na ji kaina ina cewa wani tiyo ne ya fita. Alhaji ya ce, "Ka ji ko? Tsoho ya hidda, yaro ya maida." Na juya na rufe akwatina.

Da jama'a suka watse, Baba ya sunkuya zai rufe bonet. Ya tsaya, ya kai hancinsa kusa da tiyon, ya shinshina. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Tiyon ga na warin isansi, ɗana. Wanda ba ya ɗaukar komai sai iska." Isansi shi ne fetur a bakin mutanen ƙetare. Ya rufe bonet, ya koma ya zazzage sifanoninsa daga buhu, ya ce in miƙo masa tsumma.

Ba a kore shi daga rumfa ba. Amma maganar Alhaji ta zaga tasha, ta kai Daddara da Gangara, har ta ƙetare iyaka. Direbobi suka riƙa zuwa suna wuce bencinsa suna tambayar yaron da ya buɗe idon mota, har aikin inji ni ake kawo wa, ni da ban iya ba. Sai in karɓa, in sun tafi shi ya yi. Bai taɓa tayar da zancen ba, kuma kullum tare muke cin abincin rana a kwano ɗaya. Sau da yawa na shirya abin da zan faɗa wa sarkin tasha, in na je gabansa sai in gaishe shi in wuce.

Bayan an yi girbin gero Baba ya ce ƙafafunsa sun gaji, zai koma Maraɗi wurin 'ya'yansa. Na ɗaukar masa buhu har cikin mota. Ya leƙo ta taga ya ce in riƙe rumfa da kyau, in kuma an kawo mota, abin da ban san aikinsa ba in bar shi inda na gan shi. Shekara talatin da wani abu na yi a rumfar nan, kuma har na bar ta mutanen tasha suna ba baƙi labarin yadda tsohon Maraɗi ya ɓata motar Alhaji ni na gyara. Ban taɓa gyara musu zancen ba sai yau.