Jirgin Ƙasan Husaini a Karantina

Turai ce kaɗai ta lura cewa Husaini bai taɓa ɗora madubin nan a kan idonsa ba. Sai dai ya miƙa wa mutum, ya karkata kai, kunnensa na wajen ɗan ƙarfen da ake dannawa.

Madubin baƙi ne mai ido biyu, ana zura masa faifan kwali. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ba shi a tashar Jidda, inda yake sharar sito. Duk la'asar, a shekarar 1968, sai ya shimfiɗa tabarma a bakin layinsu a unguwar Karantina, daura da inda Turai take sayar da gyaɗa, ya ce, "Yalla, jirgi zai tashi." Jidda ba ta da jirgin ƙasa, don haka ba a rasa mai leƙawa. In mutum ya leƙa, sai ya ga jan jirgi yana ratsa wani daji can arewacin duniya, ga dogayen itatuwa masu tsini, ga ƙanƙara a kan duwatsu, ga wata dabba mai ƙaho kamar reshe. Da an danna, hoto ya sauya, Husaini ya ɗora bayani.

"Su fasinjojin nan ina za su?" Turai ta tambaye shi wata rana daga mazauninta.

"Ba inda za su, Yaya Turai. Kallo suke zuwa, su dawo."

"Mutum ya shiga jirgi ba inda za shi? Ka faɗa wa wani."

Ya yi dariya. Shi dai ya san jirgi. A garin Atbara aka haife shi, can tsallaken teku, ya yi ƙuruciyarsa yana zuba gawayi a wutar jirgin da ke zuwa Halfa, cikin hamadar da tashoshinta ba su da suna sai lamba. Ya zo aikin hajji ya zauna, bai yi aure a nan ba, ba wanda ya san danginsa.

Abin da ya hana Turai sukuni shi ne yadda yake matso da fuskarsa dab da ta mutum, ya ce, "Kai ɗan wane gida ne? Yaushe ka zo?" Bai daɗe da fara zama ba, jami'an jawazat masu kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, suka shigo layin, suka tafi da mutum biyu. Ita kuwa tana da Bashira a ɗaki, 'yar ƙanwarta, wadda ta zo hajji daga garin Gadarif ta zauna ba takarda. Tun ranar ta hana ta leƙa ko ƙofa, har ɗiban ruwa Turai ta koma yi da kanta. Mazan layin ma sun fara magana ƙasa-ƙasa cewa Husaini ne ɗan rahoton hukuma, sun ce bayan sallar Juma'a za su tashe shi.

Ranar Alhamis ta rufe farantinta, ta tsallaka.

"Malam Husaini, ba ni in ga ƙaryar nan taka."

"Yau Yaya Turai ce a jirgina? Zauna kusa da taga."

Ta leƙa, ta ga jirgin a tasha. Ta danna, ya ce gada ce, gadar kuwa ta gani. Can sai motar ruwa ta wuce da ƙara, Turai ta danna ba tare da ya ji ba, sannan ta sake dannawa.

"To ga tafkin nan," in ji shi, "dubi shuɗinsa, har kifi ake gani."

Dabbar nan mai ƙaho ce tsaye a gabanta. Ta sauke madubin, ta miƙa masa ta gefen hagu, ba ta ce uffan ba. Hannunsa ya tafi dama, ya lalubi iska.

Turai ta ce, "Tun yaushe?"

Ya janye hannun, ya ɗora a gwiwa. "Wutar jirgi ce ta fara cin su. Bana kuma abin ya ƙaru. Inuwa nake gani, sai na matso sosai. Hotunan na haddace su tun ina gani, ƙarar dannawa nake bi."

"Shi ya sa kake tambayar mutane gidajensu?"

"In ban tambaya ba, ta ina zan san wa nake gaisarwa?" Ya rage murya. "Don Allah ki rufa min asiri. In kafilina, ubangidan da ya tsaya min, ya ji, halas, shi ke nan, ba aiki, ba iƙama. Ba ni da kowa a Atbara yanzu."

Turai ba ta yi masa alkawari ba. Ta koma tana lissafin abin a ranta. Makaho ma yana da kunne, yana da baki. Amma mai kai wa hukuma rahoto ba ya jin tsoron kafili haka. Kuma in ba shi ba ne, to wani ne, wanda har yanzu yake zaune a layin, wataƙila cikin masu cewa a tashe shi.

Da Juma'a, mazan suka fito daga masallaci suka tarar ta kwaso farantinta ta zauna a gefen tabarmarsa. Babbansu ya ce, "Hajiya, me ke nan?"

"Inuwa ta fi a nan," in ji ta. "Na gwada shi da kaina. Ku nemi mutuminku a wani wuri."

Tana faɗa tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe wanda ya fara kawar da kai. Suka ɗan tsaya, suka watse.

Bashira ba ta fita layi ba ranar, amma Turai ta kai mata madubin har ɗaki, ta leƙa ta ƙoshi. Da aka dawo da shi, Husaini ya hura wa gilasan iska, ya goge su da bakin rigarsa, ya sayi gyaɗa ƙulli ɗaya ya zauna yana ɓarewa.