Ƙoƙon Ƙarƙashin Rumbu

Jiya jikata ta ɗauko tuwon da ya yi fumfuna za ta zubar, sai warinsa ya mayar da ni ƙauyenmu Tsamaye, zamanin Turawa.

Daminar da gyambo ya ci mini ƙwauri, an ce allurar fenisilin ta iso garin Isa, amma gulbi ya cika, ba hanya. Kakata kuwa ba ta rabuwa da ƙoƙon tuwon dawa a ƙarƙashin rumbu, tana barinsa har ya yi kore. Ta kankaro koren da tsinke. Na janye ƙafa, na ce ƙazanta ce.

"Miƙo nan, maigidana," in ji ta. "In ka gurgunce, wa za shi noma man gero?"

Har yau ina jin sanyinsa a bakin mikin, da kaushin tafinta.

Jikar tawa, mai karatun haɗa magunguna, ta ce allurar ma daga fumfuna aka tato ta, amma kada in kuskura in gwada. Ban musa ba, na dai shafa tabon.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka. Da ƙafar nan nake zuwa masallaci.