Neman Tungar Goje da Na'urar Kyaftin

Litinin: Garwa zuwa Ngaundere

Mun bar Garwa ana kiran assalatu, ni da direbana Hamadjoda, a tsohuwar motata mai shiga daji. Yayata zan ɗauko, Adda Hajara, wadda yanar ido ta rufe wa idanu biyu. Likitocin ido sun sauka a Garwa, kuma ranar Juma'a kafin a tafi masallaci za su rufe aiki su tashi. Ita kuwa tana wajen ɗanta Sale, masunci, a Tungar Goje, bakin tafkin Mbakawu da ke gaba da Tibati. Ban taɓa zuwa tungar ba, waya kuma ba ta kai can.

Matuƙin ƙaramin jirgin da ya kawo likitocin sanina ne, ɗan Bamenda, muna ce masa Kyaftin. Shi ya ba ni aron na'urarsa ta GPS, ba ta fi tafin hannu ba. Ya ce ya taɓa raka masu allurar rigakafi har Tungar Goje a mota, ya kuma sa wa wurin alama. "Alhaji," in ji shi da Turanci, "da ita nake sauka ko girgije ya rufe fili. Kuskurenta bai wuce faɗin ɗaki ba." Na ga irinta a tasi a Dubai da Faris, tana kai mutum har ƙofar gida. Saboda haka na karɓa da murna, na lissafa cewa Alhamis muna gida.

Hamadjoda bai yarda da ita ba da farko. Da muka haye gadar Binuwai ya harare ta ya ce da Fillanci, "Wannan abin ya sha ruwan ƙasar nan ne da zai koya mini hanya?" Amma kafin Ngong ta fara shiga ransa, don tana nuna kwana tun ba mu iso ba. Ni dai na lura da wani abu daban. Ngong da ke cike da kasuwa da manyan motoci, ɗan ɗigo ta ba ta, wani ƙauye kuma mai bukkoki kaɗan ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. A hawan dutsen da ke gaba da Mbe, kibiyar da ke nuna mu ta sauka daga layin titi ta shiga daji, alhali muna kan kwalta.

A shingen jandarma wani saje ya ɗauke ta yana jujjuyawa.

"Papa, da wa kake magana da wannan?"

Na amsa da Faransanci cewa ba ta magana, taswira ce. Lokacin ana fama da zargina, 'yan fashin da ke tare hanya, don haka ban ga laifinsa ba. Ya tsare mu har sai da na nuna masa shingensa a jikinta, sannan ya yi dariya ya kira abokansa su gani. Mun shiga Ngaundere bayan azahar. Na so mu wuce, direbobin tasha suka ce babu mai bin hanyar Tibati da yamma. Muka kwana a masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, na ci tuwon masara da miyar yakuwa ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba.

Talata: Tibati da bakin tafki

Hanyar Tibati jar ƙasa ce mai ramuka, mun wuni a kanta. Da la'asar muka shiga gari. A nan na'urar ta burge mu sosai: ta nuna filin saukar jirgi, muka duba, ga shi nan daidai inda ta ce. Hamadjoda ya buga sitiyari.

"Alhaji, na tuba. Wannan ta fi ɗan gari."

Duk wanda ya san masunta ya san kafin ka nemi tunga, kasuwar kifi kake fara zuwa ka tambayi inda take bana. Na sani, Hamadjoda ma ya sani. Muka wuce kasuwar muna jin ƙamshin banda, babu wanda ya ce a tsaya. Ni ina ƙirga rana, shi yana kallon kibiya.

Muka bar babbar hanya muka bi wani burtali. Can sai allon na'urar ya koma shuɗi gaba ɗaya. Bazara ce, an buɗe madatsar ruwa, tafkin ya ja baya, muna tafiya a kan busasshen laka da ɗanyar ciyawa.

"Alhaji, mun nutse fa tun ɗazu," in ji Hamadjoda. "Ka iya iyo?"

Ban yi dariya ba. Na'urar ta yi ƙara, ta ce mun iso. Muka fito. Ga duwatsun murhu, ga turakun banda sun yi baƙi, ga tsohon kwalekwale a kife. Babu mutum, babu kaza, ruwa ma sai ka ɗaga ido ka hango shi can nesa. Na yi sallama da ƙarfi har sau uku kamar mara hankali.

Wani dattijon Bororo yana kiwo a gefe. Muka gaisa da Fillanci, na tambaye shi Tungar Goje.

"Ga ta can hayi," ya ce, yana nuni da sanda.

"To nan fa?"

"Nan ma ita ce, in ruwa ya cika. Goje mai tungar yana can, ai sunan yana wurinsa."

Kyaftin ya zo ne da kaka, tafki na cike. Bai yi ƙarya ba, na'urarsa ma ba ta yi ba. Inda ya tsaya nan ta kawo mu, ko taku ba ta kauce ba. A Faris gida ba ya tashi ya bi ruwa, filin jirgi ma haka. Mutanenmu kuwa sukan naɗe gari da sunansa su sa a kwalekwale. Wajen juyowa tayar baya ta fasa ɓawon laka ta nutse, sai da Bororon ya kira 'yan'uwansa muka tura. Magariba ta yi mana a hanya, muka koma Tibati. Kwana guda ya tafi.

Laraba: Hayi

Da sassafe muna kasuwar kifi. Wata mai sayen banda, Hajiya Dudu, ta ce Tungar Goje za ta, in muna so mu rage mata hanya. Ta zauna gaba da kwandunanta, ta kalli na'urar ta ce, "Wannan rediyon ba ya waƙa ne?" Ta kai mu wata mashiga ta daban, wadda babu ita ko kaɗan a taswirar. Daga nan sai kwalekwale. Mai fito ya ce sai kwalekwalen ya cika. Na zauna, na tashi, na zagaya, rana tana hawa.

Adda na samu a ƙofar bukka tana tsinke zaren komar kifi da lalube. Na yi sallama, ta ɗaga kai.

"Muryar Ɗanjuma ce wannan? Wa ya mutu?"

Ita kaɗai ta rage mai kirana da wannan suna. Na ce babu wanda ya mutu, ido za a buɗe mata, ta tashi yanzu.

"Yanzu? Kai har yau ba ka daina gaggawa ba. Ko ruwa ba ka sha ba."

"Adda, jibi likitocin za su tafi."

"To su gaida gida. Ni wuƙa a ido? Na ga abin da zan gani."

Sale ya dawo daga su ya sa baki, matarsa ta sa baki. Abin da ya karya ta shi ne jikarta da aka haifa bara, wadda ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Ta shafa kan yarinyar ta ce a ɗauko mata mayafi. Duk da haka sai da ta sa na ci gasasshen kifi da rogo, ta kuma yi sallama bukka bukka. Yamma lis muka isa Tibati.

Alhamis: Komawa Ngaundere

Ranar da na ce muna gida, ga mu a kan jar ƙasa. Adda tana baya, kowane rami sai ta ce, "Ɗan nan, kaya ka ɗauko ko mutane?" Taya ta fashe sau ɗaya. Na'urar tana ta nuna lokacin da za mu isa, tana sauya shi, kullum yana ƙara nisa. Na kashe ta na jefa a aljihu. A Ngaundere na samu waya na kira Kyaftin. Ya ce ba shi da iko da jerin marasa lafiya, amma jirgi ba ya tashi sai da matuƙi, kuma yana iya daɗewa yana duba mai.

Juma'a: Gida

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Sajen nan ya gane mu, ya ɗaga sanda yana tambaya ko taswira ta kai mu. Na ce ta kai mu, ban tsaya bayani ba. Mun haye Binuwai rana ta take, muka zarce asibiti. An fara ɗaure akwatuna. Babbar likitar ta duba Adda, ta duba agogo, ta ce ido ɗaya za ta iya yi, ɗayan sai wani zuwan. Adda ce ta ƙarshe da aka shigar.

Washegari ma'aikaciyar jinya ta cire mata auduga a ɗakina. Ta daɗe tana ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta kalli tafin hannunta, ta kalli taga, sannan ta juyo ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi.

"Wannan tsohon fa?"

Na ce ni ne.

"Innalillahi. Wa ya ba ka izinin yin furfura haka, ina raye? Matso in gani."

Na matsa, na durƙusa, ta kama gemuna tana dubawa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hamadjoda, da Hajiya Dudu, da Bororon da ban tambayi sunansa ba, da Kyaftin da ya daɗe yana duba mai.