Bahaguwar Ɗakin Kati

A ƙaramin asibitin unguwarsu kowa Bahaguwa yake kiranta, har mijinta. Shekara ashirin da biyu tana bayan tagar ɗakin kati tana kiran marasa lafiya, da murya sai ka ce ta haɗiyi lasifika. Da hagu take rubutu, da hagu take buga hatimi, da hagun kuma take nuna wa mai tsallake layi hanyar komawa baya.

Wata safiya tana cikin kira biro ya suɓuce mata. Ta kai hannu, hannu ya ƙi. Ta buɗe baki za ta ce a taimaka, sai ta ji "kujera" ta fito. Da yake a gidan magani abin ya same ta, nan da nan aka ba ta gado.

Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin hagu. Mijinta, tsohon direba, ya tsare likita a bakin gadon.

"Likita, yayana ma hagunsa ce ta shanye, amma bakinsa ko hutun yini bai samu ba. Ita me ya cinye mata magana?"

"Da wane hannu yayan naka yake rubutu?"

"Dama."

"To ka gani. Yawancin mutane maganarsu tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Wasu bahagwai kuwa tasu tana dama, ko ta rabu gida biyu. Ita ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarta ciwon ya taɓa, kuma shi ke juya hagun jiki, shi ya sa hannun hagu da baki suka tafi tare."

Mijin ya gyaɗa kai. "Ai ita komai nata a bauɗe yake."

Tsaf ta ji shi. Ta lalubi baƙar maganar da za ta yaɓa masa, ta rasa, ta harare shi ta ce, "Buta!" Ya gane kuwa.

Kalmomin suka riƙa dawowa ɗai-ɗai, kamar kaji da magariba. Ta yi kuka ba sau ɗaya ba, musamman ranar da sunan 'yarta ya maƙale mata. Shi kuma gogan ya samu sabuwar sana'a, da ta fara magana sai ya ƙarasa mata, rabi daidai, rabi son ransa.

A wata na takwas ta ce, "Yau ina so in..."

"Ki kwanta," in ji shi.

Ta ɗaga masa hannun dama. "Malam. Bar ni. In ƙarasa. Kasuwa za ni."

Ya shiga neman takalmansa don ya raka ta.