Gyaran da Yaya Ya Sa wa Hannu

Kamfanin da na fara aiki a Stratford manhaja yake yi wa ƙananan asibitoci, ta tsara ganin likita. An ɗora ta a kan wani ginshiƙi, wato babbar manhajar da ake gina wasu a kanta, wanda shafukan intanet da yawa ke amfani da shi. Duk sanda za mu saki sabon aiki, sai ginshiƙin ya tambayi rumbun bayanai waɗanne tebura, wato jadawalan da ake jera bayanai, ke cikinsa. Tambayar akwai jinkiri, har ka sha shayi ka wanke kofi ba ta dawo ba. In ta dawo kuma, sai ta cakuɗa teburan asibitoci biyu muddin sunansu ɗaya.

Don haka aka ajiye mutum guda yana bin amsar yana warware ta da hannu. Mutumin Kumasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Kamfanin ne ke riƙe da bizarsa, iyalinsa kuma suna Woolwich.

Ni kuwa in na ga abu a karkace, hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na tona, na gano tambayar ba ta faɗar asibitin da take nufi, kuma tebur ɗaya-ɗaya take bi. Na sake rubuta ta, ta tambayi komai a tashi guda. Sai da na gama sannan na farga gyaran zai cinye aikin Yaya, ga shi kuma dokar ofis ita ce shi ne zai duba ya sa hannu.

Ya daɗe yana karantawa.

"Tambayan ya gyaru, ƙanina," in ji shi. "Ka yi push, ka tura shi."

"Yaya, kai fa?"

"Bayanan marasa lafiya ne. Za ka bar shi a karkace saboda ni?"

Ranar da muka saki aikin, ruwan shayi bai ko tafasa ba komai ya kammala. Manajanmu ya tafa min, ya yi ta murna. Sannan idonsa ya sauka a kan Yaya, ya kuma jima a can. Tsoro ya kama ni.

Da la'asar manajan ya tare ni a kicin, ya rage murya. "Ban da wannan, me kuma yake yi mana?"

Na yi ta kame-kame, yana gyaɗa kai kamar mai saurare.

Da na koma wurin zamana, na tarar Yaya ya naɗe dardumar da kullum ke ƙarƙashin kujerarsa, yana cusa ta a jaka.