Rabin Kai a Tashar Yendi

A bakin tashar Yendi akwai wani wanzami siriri, goro ya rine masa haƙora, yana yi wa wani limami mai tumbi aski. Aski ya kai rabi, sai ga 'yar wanzamin ƙarama, Damata, da kuka, wai ɗan tsakonta ya mutu. Ya naɗe aska ya tsuguna, yana sauraronta kamar ana shari'a a fadar Ya-Na, sarkin garin. Wataƙila shi wanzamin, yana yaro, ba wanda ya taɓa tsuguna masa haka.

Liman ya harzuƙa. "Kai wanzami, azahar ta gabato!"

Wanzami bai ko waiwaya ba. "Malam, da rabin kai ina za ka? Damata kuwa, in na kore ta yau, gobe wani za ta kai wa kukanta."