Gyatsar Shanun Haladu

Haladu na Bauranya ya shekara hamsin da uku yana bin shanu, ba a taɓa jin adadin garkensa daga bakinsa ba. A gidansu ba a ƙirga shanu. Wai ranar da aka faɗi yawansu, ranar za su fara raguwa. Ni da kaina sau bakwai na gwada, sau bakwai yana kaɗa su cikin juna har lissafin ya ɓace mini.

Bara da damina wani malamin jami'a mai suna Niyi ya sauka Kankiya da ɗan jirgi maras matuƙi, mai farfela huɗu, ɗauke da na'urar shinshinar iska. Aikinta auna iskar da shanu ke fitarwa in sun yi gyatsa, wadda aka ce tana ƙara wa duniya zafi. Ni na kai shi ruga a babur, minti ashirin da shida.

Haladu ya saurara, ya ce ashe zafin Katsina duk laifin bakin saniyarsa ne, su motocin Legas turare suke fesawa. Amma ya yarda a tashi jirgin, in za a ɗaure idonsa mai ɗaukar hoto da tsumma. Aka ɗaure. Da aka zo tambayar yawan shanun, sai ya shiga tayin nono. Ƙwarya uku Niyi ya sha bai sami amsa ba.

Nan Niyi ya yi kuskure. Ya ce, "Ba komai, Baba. In na auna gyatsar, zan ƙiyasta yawansu."

Haladu bai yi musu ba. Ya dai tambaya, kamar mai neman ilmi, ko me kuma ke fitar da irin wannan iska. Niyi ya zayyana masa: fadama mai ruwa kwance, juji, taki mai ruɓewa.

Washegari muka iske garken a bakin fadamar shinkafa, bayan jujin ƙauye, jikin tulin takin wani maƙwabci. Jirgi ya yi shawagi sau tara. Niyi ya duba kwamfuta, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ta ba shi shanu dubu ɗaya da ɗari biyu.

"Baba, wannan ba daidai ba ne."

"To, nawa ne daidai, ɗan nan?"

A takardarsa Niyi ya rubuta ba a san adadi ba, ya naɗe jirginsa muka nufi Sukuntuni, inda wani mai shanu huɗu ke jiranmu, har sunayensu ya rubuto mana.